Wadda Ta Riga Kowa Rajista

Kar ma wani ya ruɗe ku, ba don son karatu Yaritza ta shiga Shirin Haziƙai ba. Don Efraín ta shiga.

Shekara guda cur tana hangen saurayin nan a jami'arsu da ke garin Mayagüez na tsibirin Puerto Rico, dogo, mai tabarau ɗaure da zare, kullum yana gindin mangwaro da kofinsa na kofi. Ko sannu ba ta taɓa ce masa ba. Dabararta ita ce su haɗu a aji ɗaya, a haɗa su aikin rukuni, magana ta zo da ƙafarta. Zangon da ya wuce ta ji ƙishin-ƙishin ajin da ya ɗauka, ta ruga za ta yi rajista, ta tarar gurabe sun cike. Ranar ce aka gaya mata cewa 'yan Shirin Haziƙai su ake fara buɗe wa rajista, mako biyu kafin kowa.

Glorimar, 'yar ƙanwar babanta da suke ɗaki ɗaya, ta yi iya yinta.

"Ke, kina da hankali kuwa? Ƙarin darasi duk Alhamis da yamma, littattafai kamar bulo, ga kundin bincike shafi hamsin kafin ki fita. Duk don mai tabarau? Je ki ce masa sannu mana, kyauta ne!"

"Sannu? Haka kawai? Gara in mutu."

Ai kuwa ta zage. Ta rubuta maƙala shafi biyar, ta zauna gaban farfesoshi uku tana zuba zance a kan kwaɗin dajin Puerto Rico har ɗayansu ya tafa mata. Da takardar karɓa ta fito, uwarta ta soya alcapurria, wato soyayyen ƙullin rogo mai nama a ciki, kwano biyu, ta buga wa dangi waya har na Orlando a Amurka tana kuka, wai ta haifi likita. Yaritza ta ci, ta yi rawa, ta bar ainihin dalilinta a ciki.

Ranar rajistar haziƙai, wadda ake rufewa da sha biyun rana, tun ƙarfe bakwai ta yi wanka ta sa jambaki, ta zauna gaban kwamfuta tana kaɗa ƙafa. Takwas daidai shafin ya buɗe. Wayyo daɗi! Darasin kimiyyar haɗa magunguna, wanda ta ji shi ma zai ɗauka, rukuni tara, kowanne wayam, ba a taɓa ko kujera ɗaya ba. Ta yi tsalle ta dira a kan gado, ta yaye wa Glorimar bargo.

"Tashi ki gani, 'yar baƙin ciki! Duk nawa ne! Wanda na ga dama!"

Glorimar ta buɗe ido ɗaya. "Madalla. To wanne shi ya ɗauka?"

"Wa?"

"Mai tabarau. Shi ai sai nan da mako biyu zai yi tasa rajistar."

Yaritza ta tsaya cak a kan gadon, hannu a sama. Wata huɗu tana wannan shiri, ba ta taɓa tunanin haka ba. Ta riga kowa, har da shi. Ta yaya za ka bi mutumin da bai tashi ba tukuna?

Glorimar kam ta faɗo ƙasa tana birgima, tana riƙe ciki. "Haziƙa! Jama'a ku zo ku ga haziƙa! Farfesoshi uku suka tantance ta!"

"Glori, don Allah, ya zan yi?"

"Ki je ki tambaye shi, shashasha."

Sha ɗaya da rabi ta yi kafin ƙafafunta su yarda. Ta doshi gindin mangwaro rungume da kwamfuta, Glorimar na biye da ita a nesa tana laɓewa bayan motoci. Yana nan kuwa, yana tsoma burodi a kofi.

"Sannu," in ji ta. Muryar ta fito siririya kamar ta ɗan tsako. "Wane rukuni za ka ɗauka a haɗa magunguna?"

Efraín ya ɗago, ya gyara tabarau. "Ni? Na Asabar, bakwai na safe. Sauran ranaku ina taya babana a gidan burodi. Ba na ma gaggawa, wannan ajin ko ranar ƙarshe ka zo akwai guri. Bara mutum shida ne a ciki."

Mutum shida! Ashe duk wahalar banza ta sha. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta danne, ta ƙi dannuwa. Ta zauna daɓas a gefensa tana ƙyaƙyatawa har da hawaye, shi kuma ya saki baki yana kallonta, can shi ma ya kama dariyar ba tare da ya san dalili ba.

"Ke ce mai maganar kwaɗi ko?" ya ce. "An ce kin shiga haziƙai. Ku ai kun huta, ku kuke kwashe na goma na safe."

Ta buɗe kwamfutar a cinyarta. Saura minti tara. Ga na goma na safen nan, ga na sha ɗaya, duk suna jiran ta. Ta gangara can ƙasa, ta danna na Asabar, ta juya masa allon.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Kunnuwansa suka yi ja, ya ajiye burodin a kan gwiwarsa a hankali.

"Wa ya tilasta miki?"

"Babu kowa."

Ya juya kofin a hannu. Sannan, ba tare da ya kalle ta ba, ya ce, "Ranar Asabar babu motar haya da sassafe. Ni ina wucewa ta layinku a mota shida da rabi."

"Ka san layinmu?"

"Gida mai koren ƙyaure," in ji shi. "Bene na biyu."