Yis ɗin Baba

'Yar mai burodi ta yi ta cika baki a ɗakin gwaje-gwaje. Ta cire wa yis ɗinta na gwaji sinadarin da ke manna sukari a jikin furotin, wanda yis ba ya rayuwa sai da shi. Maimakon ya mutu, sai yaɗuwa yake abinsa. Har Farfesa ta kira ya gani.

Farfesa ya sake gwadawa, ya dawo yana sosa ƙeya. "'Yata, wannan ai yis ɗin burodi ne, ba na gwajinki ba. Sinadarinsa na nan daram."

Kullum sai ta taya Baba kwaɓa fulawa kafin ta fito, ga ta da ƙin sa safar hannu a wurin gwaji. Ta dubi farcenta, ga busasshen ƙullu maƙale. Ta tura hannun cikin aljihu, amma kowa ya riga ya gani.