Jiniyar Maman Comfort

Da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, har rawa muka taka a Kakuri. Ba a jima ba murna ta koma ciki, masaƙar da muke aiki ta rufe. Jiniyar da ke kiranmu cin abinci da tsakar rana ta yi shiru, kowa ya kama gabansa.

Jethro, makanikin injinan saƙa, ya ɗaure kayansa tsaf, wai Zonkwa zai koma noma. Matarsa Maman Comfort, wadda ke sayar mana da tuwo a bakin get, ta ce ita kam ba inda za ta, yara na makaranta a unguwar Television.

"Baban Comfort, ka ba ni zuwa ƙarshen wata."

"Wa zai ci tuwon naki? Ciyawar bakin get?"

Ta kafa rumfa a Gonin Gora, inda ake ta sababbin gine-gine. Ko ƙuda bai leƙa ba. Kai, matar nan akwai kai! Sai ta samo tsohon wilin mota ta rataye a mangwaro, ta riƙa dukansa daidai lokacin da jiniya ke kuka a da.

Ina kan acaɓata na ji. Allah kuwa, cikina ya riga kunnena ganewa. Da isata na tarar da Benson na sashen rini, siminti har gira, ga Godwin masaƙi ya zama mai walda. Muka rungume juna, ni har da ƙwalla.

A kan tuwon nan aiki ya fara haihuwa. Maigidan Benson na neman tagogi, Godwin ya karɓa. Godwin na neman mai ɗauko masa ƙarfe, ga ni. Kafin ka ce me, Maman Comfort ta ɗauki mata biyu suna taya ta tuƙi.

Da wata ya ƙare, Jethro ya zo fuska a murtuke, wai ya samu motar kayan da za ta kai su Zonkwa. Benson ya yi tsalle.

"Oga Jethro! Injin bulonmu ya mutu tun jiya, zo ka duba mana!"

Ya tafi yana gunaguni. Ya dawo baƙin mai har gwiwar hannu, masu bulo biyu na biye da shi suna roƙon ya duba nasu.

Matar ta ajiye masa tuwo, ta ce, "Baban Comfort, mutane sun yi yawa, kuma babbar tukunyata tana cikin kayan da ka ɗaure."

Ya kai loma, ya daɗe yana taunawa.

"To, bari in gama in je in kwance."