Shekara Biyun Ni'imat

Ranar da sakamakon jarrabawar Duha ya fito, uwarta Ni'imat na wurin aiki, tana canza wa wata tsohuwa ledar ƙarin ruwa. Waya ta yi ta kuka a aljihunta. Sai da ta gama ta fito baranda, ta ga mijinta ne Ragab.

"Ummu Duha, yarinyar nan ta fitar da mu kunya," in ji shi, ana jiyo ƙarar guduma daga garejinsa na gyaran tuktuk, keke mai ƙafa uku. "Makinta ya kai na jami'a. Sashen jinya na jami'ar birnin Tanta. Digiri fa, shekara huɗu."

Ni'imat ta yi hamdala, kuma har zuci ta yi ta. Amma kafin ta mayar da wayar aljihu, wani abu ya tokare mata ƙirji, ya ƙi wucewa.

Ita ma nas ce. Sama da shekara ashirin tana aiki a asibitin garinsu da takardar ma'ahad, makarantar jinya ta shekara biyu. A zamaninta ita ma makinta ya kai na jami'a, amma uwarta Hajja Sakina ta ce shekara huɗu ta yi yawa, ga ƙanne a gida, ta yi gajeriyar hanya ta fara aiki. Ta yi. Tun daga nan take sanye da shuɗin yadi mai haske, masu digiri kuwa mai duhu suke sawa, su ne kuma ke tsara wa irinta ranakun aiki. Shugabannin sashe sun zo sun wuce a kanta, kowace ta fi ta baya ƙuruciya. Ta yanzu, Mis Nirmin, ko talatin ba ta cika ba.

Ranar Juma'a aka yi walima. Ni'imat ta dafa miyar lalo da naman zomo da shinkafa, aka raba wa maƙwabta jan sharbat. Hajja Sakina, wadda ƙafa ta hana ta hawa bene tun bara, sai ga ta ta hawo har hawa na uku da ƙafarta, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta rangaɗa guɗa.

"Ina jikata? Ina mai digirin gidanmu?" Ta rungume Duha. "Ke ce ta farko a zuriyarmu. Ko sarƙar wuyana zan sayar sai kin yi karatun nan."

Ni'imat na tsaye da ludayi a hannu. Sarƙar nan tana wuyan tsohuwar tun Ni'imat na budurwa.

"Dakta Duha, miƙo mini gurasa," in ji Ragab, yana dariya.

"Baba, nas ba dakta ba ce."

"A garejina dakta ce. Na riga na faɗa wa kowa."

Shekara da shekaru Ni'imat na yi wa dangin mutumin nan allura, tana auna musu jini, ba ta taɓa jin ya yi alfahari da ita a gareji ba. Ta koma kicin ta ce miya za ta ƙaro, ta daɗe tana juya tukunyar da babu abin juyawa a cikinta.

Bayan baƙi sun watse, Duha ta same ta tana wanke-wanke, ta ɗauki tsumma tana goge faranti.

"Mama, kowa ya faɗi nasa, ke ce kawai ba ki ce komai ba. Ke kuma kika san aikin. Kafin in cike takardar zaɓin makaranta, me kika gani?"

Ni'imat ba ta ɗago ba. "Ma'ahad. Shekara biyu kin gama, gwamnati ta ba ki aiki. Jami'a kuwa shekara huɗu ce, ga shekarar horo a kai, kullum kina kan hanyar Tanta a cikin bas. Kafin ki fito, sa'o'inki na ma'ahad sun ƙware, sun yi ɗaki, wasu har da goyo."

"Amma an ce mai digiri tana iya ƙaro karatu, har ta koyar."

"Mara lafiya ba ya tambayar takarda, hannu yake nema."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fito mata a sauƙaƙe. Duha ta gyaɗa kai, ta ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe.

Cikin makon, Ni'imat ta manta abincinta a gida, Duha ta biyo ta da shi asibiti. Da Ni'imat ta fito daga ɗakin masu jinya riƙe da tasar wanke ciwo, sai ta hango 'yarta zaune a ofishin Mis Nirmin, a kan kujerar da ita kanta ba ta taɓa zama a kai ba sai an ce ta zauna. Nirmin ta cire tabarau tana ba ta labari, Duha ta tallafe haɓa tana kallonta, idanunta na ƙyalli.

"Abla Ni'imat, ashe kina da irin wannan kika ɓoye mana?" in ji Nirmin daga ciki, da Ablar da take kiranta da ita, wato yaya. "Ina ba ta labarin malamanmu ne. Af, gado na kusa da taga, lokacin juya mara lafiyar ya yi. A taimaka."

Cikin ladabi ta faɗa, kuma lokacin ya yi ɗin. Ni'imat ta ce to, ta juya da tasarta. Tana tafiya tana jin dariyarsu a bayanta, ba ta ma san wa ta fi jin haushi ba a cikin su biyun.

Da la'asar, tun a bas Duha ta fara. Mis Nirmin ta ce akwai ɗakin gwaji mai mutum-mutumin da ke numfashi. Mis Nirmin ta ce wata ƙawarta tana koyarwa yanzu. Mis Nirmin ta ce, Mis Nirmin ta ce. Ni'imat ta haɗiye har suka shiga gida, ta cire mayafi, sannan ta juyo.

"To ki je ta haife ki mana."

"Mama?"

"Ki je ki zama irinta. Ki zauna a ƙarƙashin fanka kina rubutu, irina suna kwashe kashi da fitsari. Wata rana ma a turo ki sashenmu, ki ce, Mama, gado na kusa da taga, a taimaka."

Duha ta tsaya kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta dubi uwarta ta ce a hankali, "Ban san abin ya dame ki haka ba. Shi ke nan. Ma'ahad ɗin zan cike."

Ta faɗa wa babanta da bakinta, ta ce ita ta canza ra'ayi. Ragab ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa, ya ɗauki makullansa ya koma gareji ko shayi bai sha ba.

Washegari Ni'imat ta tashi jikinta sakayau. Abin da ya tokare mata ƙirji ya sauka. Ta soya wa Duha ƙwai da man shanu yadda take so, ta fita tana gaisa da mai gurasa da fara'a. Ta san daɗin da take ji ba mai kyau ba ne, amma daɗi ne, ta kuma ƙyale kanta ta ji shi har bakin asibiti.

Ita ta kai wa Nirmin labarin, tun ba a tambaye ta ba.

"Duha ta yanke shawara. Ma'ahad za ta yi."

Nirmin ta ajiye biro. "Kash. Da wannan makin?" Sai ta ɗaga kafaɗa ta yi murmushi. "To, ni gaba ta kai ni. In ta gama zan roƙa a turo mini ita nan. In ta gado hannunki, na huta. In kin yi ritaya, sai ta maye gurbinki a ƙarƙashina."

Yabo ne, da zuciya ɗaya ta yi shi. Ni'imat ta fito ta tsaya a baranda. Sai a ranta ta hango Duha a cikin shuɗi mai haske, riƙe da tasa, tana cewa to. Ta ga Nirmin ta tsufa a kan kujerarta, wata sabuwar yarinya ta gaje ta, Duha na nan dai da tasar. Ta tuna uwar Nirmin, wata 'yar gajeriyar mata mai sayar da kayan miya, wadda in ta zo asibiti masu gadi ke miƙewa suna cewa ga maman Mis. Me matar nan ta fi ta da shi, da 'yarta za ta riƙa aiken 'yar Ni'imat?

Abin da ya sauka da safe ya dawo, ya fi na da zafi.

Ta nemi izini ta fita kafin lokacin tashi. Ta tarar da Duha na shanya a baranda, idanu a kumbure.

"Kin cike?"

"Gobe za mu je da Baba."

"Jami'a za ki cike."

Duha ta riƙe rigar da ke hannunta tana ɗiga. "Mama, jiya fa kika ce..."

"Na san abin da na ce. Ban haife ki don 'yar mai kayan miya ta riƙa aiken ki ba. Za ki je Tanta, kuma ki fi ta maki, kina ji na?"

"Ni ban gane miki ba wallahi."

"Ba sai kin gane ba. Matse rigar nan, tana jiƙa wa mutanen ƙasa shanya."

Duha ta fashe da dariya, kuka ya biyo baya, ta zo za ta rungume ta da jiƙaƙƙun hannuwa. Ni'imat ta bari na ɗan lokaci, sannan ta zame ta ce girki na jiran ta.

Haka Duha ta shiga jami'a. Kishin kuwa bai bar Ni'imat ba, sai dai ya koyi zaman gida. In Duha ta dawo da yamma ta baje manyan littattafai a kan teburin cin abinci tana ba babanta labarin lacca, Ni'imat takan shige kicin, a yi ta jin tukwane na karo da juna. Amma kunnenta na falo, ba abin da ke wuce ta, kuma da safe duk sai ta juye wa Nirmin shi, har da ƙari.

Wata ranar hutu, Duha na shekara ta biyu, ta leƙo kicin da littafi a hannu.

"Mama, gobe muna da gwajin sa allurar jijiya. Ara mini hannunki in nemi jijiya, ba zan huda ba."

"Babanki ba shi da hannu ne?"

"Nasa duk baƙin mai ne."

Ni'imat ta goge hannu a jikin riga, ta zauna a kan kujerar roba, ta miƙa. Duha ta ɗaura mata igiya a damtse, ta sunkuya tana lalube da yatsa biyu, tana kiran sunayen jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya da Turanci. Ni'imat ta san kowace a cikinsu da yatsa, amma ba ta taɓa jin sunan wasu ba. Ta kawar da kai tana kallon taga.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ta gefen nan, me kika ce sunanta?"

Duha ta maimaita. Ni'imat ta motsa leɓe ta gwada faɗa a hankali, bai fito daidai ba.

"Yi sauri," ta ce, "albasata na ƙonewa."