Ramin Ƙofar Buba

Bayan sallar lisha ne Manu ya fara jin ƙarar, daga bayan katangar da ta raba shi da maƙwabcinsa Buba. Ƙwar, ƙwar, kamar tsakuwa ɗaya a cikin gora. Ya ɗauka ɓera ne. Da safe ya leƙa, ya tarar da tsohon kwance a tabarma, yana girgiza wani abu kusa da kunnensa.

Ƙwallon wani itace ne ruwan ƙasa, mai sheƙi, da farin tabo kamar idon barewa. Lokacin da ake ginin dam ɗin Bakolori, Buba na ɗaukar wa wani Bature kayan awo, shi ne ya ba shi ran da zai koma gida. Baturen ya ce a garinsu irin itacen nan ake jerawa bakin titi, furensa a tsaye kamar kyandir. Tun ranar ƙwallon ke aljihun Buba. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse, ƙwallon bai je ko'ina ba.

"Ka ji shi?" in ji Buba. "Motsi yakai. Yana nan da rai nai."

Manu manomi ne, ya san irin da ke kaɗawa a ɓawonsa ya gama. Ya ce, "Na ji."

A makon ne aka zo dasa itatuwa a layinsu na Talata Mafara, kowace ƙofa rami ɗaya. Ishaku, ma'aikacin gandun daji, ya turo amalanke cike da dashen dogon yaro. Buba ya dafa bango ya fito, ya miƙa masa ƙwallon.

Ishaku ya juya shi a tafin hannu. "Baba, wanga ya bushe tun ban zo duniya ba. Ko ɗanye ne, iccen ƙasar sanyi ne. Ranar Mafara toye shi za ta yi."

"Kai ka taɓa ganin iccen?"

"A littafi."

"To ni a bakin mai shi na ji. Bar mani ramina."

"Na bar maka har Juma'a. In na iske shi wofi, dogon yaro zan sa."

Buba bai ƙara taka ƙofar ba. Kullum sai ya ce gobe, in ƙafa ta saki. Ran Alhamis, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya yi masa rasuwa, ba kowa a ɗakin. Manu ne ya yi masa wanka. Da ya ɗaga rigar, abin ya faɗo daga aljihu, ya gangara ƙarƙashin randa, yana ƙwar, ƙwar.

Da aka dawo daga maƙabarta, Manu ya durƙusa bakin ramin ya binne ƙwallon, ya kewaye shi da ƙaya. Ran Juma'a Ishaku ya zo, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya dubi ƙofar da aka rufe, ya tura amalankensa gaba.

Kafin damina ta ƙare, dogon yaro ya kai ƙugu a duk layin, sai giɓi ɗaya kamar wawulo. Kowace safiya Manu kan fito da buta ya ba ramin Buba ruwa. Ran nan Hafiza, mai tuyar ƙosai a tsallaken titi, ta bar mai yana tafasa, ta tsaya tana kallon ruwan yana nutsewa cikin ƙasa.

"Malam Manu," ta ce, "shi Baturen, ya hwaɗi kwana nawa yake yi kahin shi hito?"