Inci Biyu

"Auna ni," in ji Umma, tana miƙo mini tef ɗin da ke rataye a wuyanta.

Ta jingina da ƙyauren shagonta, ta cire takalmi, ta ɗaga haɓa kamar sojan da ake duba wa kaki. Shekara talatin da ɗaya tana auna mutane a wannan ɗan shago, amma ban taɓa ganin ta damƙa wa wani tef ɗin nan ba. Na durƙusa, na danne bakinsa a diddigenta, na ja shi zuwa kafaɗa.

"Hamsin da huɗu."

"Hamsin da shida nake tun kafin a haife ki, Auta. Ko dai ƙasa ce ta taso, ko ni ce na sauka. Duk rigunana sun zama tsintsiya, sai share wa gwamnati titi nake yi kyauta."

Ta yi dariya, dariyar ta soke ta a tsakiyar baya, ta dafa teburin yanka har sai da ciwon ya lafa.

Ni na san inda inci biyun nan suka shiga. Mako biyu ke nan da likitan ƙashi ya kira ni da Yaya, babban ɗan Umma, ya nuna mana hoton bayanta. Gaɓoɓi biyu na ƙashin sun lotsa kamar gwangwanin da aka taka. Ya ce tsokar da aka ɗeba aka gwada ta tabbatar cewa kansa ce, wato ciwon daji, ta taso daga mama ta sauka a ƙashin baya, tana matse lakar da ke ciki. Idan ba a hanzarta yi mata gashi da hasken na'ura ba, ƙafafu za su iya mutuwa.

"Likita, don girman Allah kada ta ji," in ji Yaya. "Sunan nan kaɗai ya isa ya kwantar da ita."

Likitan ya yi ta lallashinsa, daga bisani ya rubuta takardar tura mu sashen masu kansa, ya ce kada ta kwana biyu a hannunmu. Ta kwana goma sha huɗu a aljihun Yaya. Dalilinsa ɗaya ne: an rubuta sunan ciwon ɓaro-ɓaro a ƙofar sashen, Umma kuwa ko takardar da aka ƙunshe mata allura ba ta yar da ita sai ta karanta. Muka ce mata sanyi ne. Yaya ya sayo mata ɗamarar baya da man zafi kala uku. Ni kuwa, malamar da ke horon yara a kan ƙarya, na iya cewa "sanyi ne" ba tare da muryata ta yi rawa ba. Nakan roƙi gafara bayan kowace sallah, in tashi in sake faɗa.

* * *

Washegari da hantsi na same ta a kan keken ɗinki, tana haɗa rigar wata ma'aikaciyar banki. Keken ya yi ta tsayawa yana tashi. Da na duba ƙasa, sai na ga ƙafarta ta hagu ta zame daga kan feda, tana kwance a gefe, ita kuwa ba ta sani ba.

"Umma, ƙafarki."

Ta leƙa. "Au, ta tafi hutu ba ta nemi izini ba. Tun jiya take yi mini yajin aiki. Tsunkule ta mu gani."

Na tsunkuli babban yatsan. Ta ci gaba da kallona, tana jiran in fara.

Na fita bayan shago na kira Yaya.

"Yau za mu kai ta."

"Auta, ki bari in samo dabara tukuna."

"Dabararka ta ci ƙafa ɗaya, Yaya. Ta biyun kake jira?"

Na jiyo ƙarar injinan gareji a bayansa. Sannan ya ce, "Ga ni nan."

* * *

Dabarar da Yaya ya samo a hanya ita ce jikinsa. Allah ya ba shi faɗi, don haka da muka iso ƙofar sashen, ina tura Umma a keken marasa lafiya, sai ya riga mu ya tsaya a gaban allon, ya buɗe kafaɗu, yana duba wayarsa kamar wanda aka aiko wa muhimmin saƙo.

"Matsa, ɗan nan," in ji Umma. "Tun daga bakin get aka rubuta shi da kibiya. Sau uku na karanta. Ko can ma za ka je ka tsaya?"

Likitar sashen mace ce mai sanyin murya. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar Umma, ba tamu ba.

"Mama, me kika sani game da ciwonki?"

"'Yar nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara biyu ke nan da na ji ƙullutu a nan." Ta dafa ƙirjinta na hagu. "Da ya girma, sai na riƙa ƙara wa rigunana rabin inci a wannan ɓangaren, in sa soso a ɗayan su daidaita. Ko 'yata da ke wanke mini kaya ba ta gane ba. Aikina ba ya nuna ɗinki."

Ta faɗi haka da alfaharin gwana. Yaya ya zauna a kan abin da ya samu, ashe kwandon shara ne.

"Umma, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da wane baki zan kira ɗana namiji in ce ga inda ke ciwo? Kuma na san ka. Zazzaɓi na yi kana aji uku, ka ƙi cin abinci kwana biyu. Na ce bari in rufa muku asiri." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ashe ku ma rufa mini kuke yi. Sanyi! Sanyin da ke cin inci biyu?"

Muka yi dariya mu duka, har likitar, amma hawaye ne ya ƙarasa tawa.

Likitar ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ciwon da ya kai ƙashi ba a cika raba mutum da shi ba, amma ana iya danne shi shekaru. Yau za a fara ba ta maganin rage kumburin laka, a haska wurin da na'ura kwana biyar a jere, sannan a shiga maganin asalin ciwon. Akwai kyakkyawan fata game da ƙafar dama.

"Ta hagun fa?" in ji Yaya.

"Da mun same ta makon jiya, da na fi ƙarfin gwiwar ba ka amsa. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Yaya ya shafa aljihun da takardar ta kwana a ciki.

A ɗakin na'ura aka ce Umma ta kwance ɗamara. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce, ta miƙa mini ita. Ma'aikaciyar ta auna bayanta, ta ɗiga alamomi da tawada inda hasken zai bi.

"Kin auna sau biyu?" Umma ta tambaya daga kwance.

"Sau uku, Mama."

"Madalla. Wannan yadin ba shi da saura a kasuwa."

* * *

Bayan wata biyu ciwon bayan ya sauka, har tana iya yin sujada a zaune ba tare da cije leɓe ba. Ƙafar dama ta tsira, tana aiki sarai. Ta hagun tana jin tsunkuli, amma ba ta ɗaga kanta. Sai an ja ta. Umma ta raɗa mata suna Hajiya, wai don ba ta aikin komai sai an yi mata. Duk matar da ta zo awo kuwa, kafin ta fita sai Umma ta rage murya ta tambaye ta yaushe rabon da ta duba ƙirjinta.

Ranar da ta koma shago, ba ta karɓi ɗinkin kowa ba. Ta sa Yaya ya kwaso rigunanta duka ya zube a teburin yanka. Ta farke soson da ke cikin kowacce ta jefa a kwando, ta ja layi da alli a gindinsu, ta bi da almakashi.

"Ku daina kallona kamar hoton bango," ta ce. "Auta, zare baƙi."

Na zura mata zaren. Yaya ya durƙusa yana tsince ƙyallayen da ke faɗowa, kowanne faɗin inci biyu, yana jera su a gwiwarsa, ya rasa inda zai kai su. Keken ya tashi da ƙafa ɗaya, a hankali, yana kalmashe bakin rigar. Ɗaya ƙafar tana gefe a cikin takalminta, inda na ajiye ta.