Abin da Aka Rubuta a Ƙasan Hoton Nababa

"Ci gaba, Malam. Na ƙasansa kuma me ya ce?"

Malam Abdulfattah ya ja yatsa a kan wayar, ya gyara murya kamar zai yi wa 'yan aji shida shifta. Maƙwabcinsa Nababa na kwance a zaure, an ɗaure masa ƙirji da tsohon zanen matarsa Hajjo, yana jan numfashi da ƙyar. Abin da ke rubuce shi ne: "Me ake jira da shi? A ɗaure shi a jikin babur ɗin a cinna wuta."

"Ya ce Allah ya bayyana gaskiya," in ji Malam.

"Amin. Wannan ɗan halak ne. Na gaba fa?"

Na gaba ya zagi uwar Nababa, wadda ta shekara ashirin a kabari. Malam ya mayar da zagin addu'ar samun sauƙi. Haka suka yi ta yi tun bayan sallar Juma'a, ɗaya na ƙirƙira, ɗaya na cewa amin.

Nababa mai zuma ne. Tun yana saurayi yake rataye amya a itatuwan dajin Birnin Gwari, ya san kowace hanya da kowane rafi. Da 'yan bindiga suka mamaye dajin, sana'ar ta mutu, sanin hanyar kuma ya zame masa jidali. Duk wanda aka ɗauke wa mutum aka ce ya kai shinkafa da fetur da magani kafin a sako shi, wurin Nababa yake lallaɓowa ya roƙe shi. Shi kuma bai iya cewa a'a ba, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Kowa a unguwar ya san da haka, kowa kuma ya iya yin kamar bai sani ba.

Ranar Litinin ya ɗaure kaya a babur zai kai domin a sako Ann, matar Zakka kafinta, wadda aka ɗauke a gona wajen Randagi. 'Yan sa-kai na wani ƙauye, waɗanda ba su san shi ba, suka tare shi. Suka durƙusar da shi gaban kayan, suka ɗauki hoto, kafin la'asar wani shafin labarai ya buga: an kama mai kai wa 'yan bindiga kaya.

Malam Abdulfattah kuwa gwanin sharhi ne. Ba labarin da zai wuce bai sauka ƙasansa ya tofa albarkacin bakinsa ba, da cikakken sunansa har da na gari. Yakan ce wa malaman makarantarsu nan ne majalisar talaka, inda ba mai ƙwace maka lasifika. A ranar yana ofishin malamai, sabis ba ƙarfi, kanun labarin ya fito amma hoton ya ƙi buɗewa. Malam bai jira ba, don wanda ya riga rubutawa shi ake gani a sama. Ya rubuta: "Mai kai musu kaya ya fi su sharri. Irin waɗannan ba a kai su kotu, a gama da su a inda aka kama su." Sai da ya koma gida ya hau kan katanga neman sabis, hoton ya buɗe a hankali daga sama zuwa ƙasa, ya ga hular da yake gaisawa da ita kowace asuba. Ya nemi wurin gogewa, shafin ba shi da shi. Magana zarar bunu ce. Kafin gari ya waye mutum ɗari huɗu sun ɗaga wa sharhinsa babban yatsa.

Sai ranar Laraba mai unguwa da Zakka suka karɓo Nababa, haƙarƙari huɗu a karye, yana tarin jini. A asibiti aka ce sai Kaduna, ya ce a mayar da shi zaurensa.

"Malam," in ji Nababa, bayan ya huta daga tari, "alfarma nake nema. Ka ga tun da na dawo, mutanen da na shigar wa daji ko sannu ba su leƙo sun yi ba. Ban ga laifinsu ba, tsoro halak ne. Amma 'yata Jannatu ta daina zuwa makaranta, ana ce mata 'yar infoma. Kai ana jin maganarka a wurin nan. Ka rubuta musu layi biyu, ka ce ka san ni, ka ce ni na karɓo maka Karima."

Gaban Malam ya faɗi. Bara aka ɗauke 'yarsa Karima a hanyar Kaduna, ta kwana goma sha ɗaya a daji. Nababa ne ya kai kayan, shi ya goyo ta a babur har ƙofar gida, lulluɓe da bargonsa don kada a gane ta. Aka ce wa duniya tana wurin gwaggonta. Yanzu saura wata biyu bikinta, dangin mijin ba su san komai ba. Malam ya san bakin mutane, ai shi ma da bakin yake taƙama.

"In sha Allahu, Nababa. Bari sabis ya daidaita. Gobe."

"To, Allah ya kai mu."

Nababa ya ɗaga ido ya kalli rufin zaure. Sai ya ce, "Ka san a can ma sun karanta min."

"Su wa?"

"Yaran da suka kama ni. Ranar farko ba su taɓa ni sosai ba, suna ta gardama ko su miƙa ni ga hukuma. Da safe wani ya zo da waya, ya ce ga abin da jama'a suka yanke. Ya karanta na saman, ya ce wannan ma ɗan garinku ne. Daga nan suka ɗauko gora." Ya juyo da kai a hankali. "Sunansa irin naka. Na ce musu Abdulfattah da yawa a duniya."

Malam ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage. Da a ce Nababa ya zage shi, da ya samu abin riƙewa. Amma mutumin ya lumshe ido kawai, ya ce, "Karanta min wani mai daɗi, irin waɗanda kake karantawa."

Malam ya karanta masa, wayar a kife a kan cinyarsa.

Da ya koma gida ya rubuta layi biyun, ya tsaya a kan sunan Karima. Daga tsakar gida yana jin ta tana dariya da ƙawayenta a kan zanen anko. Ya goge. Da safe ya sake rubutawa, ya sake gogewa, ya ce wa kansa ai mutumin zai tashi, in an sha biki sai a yi komai a tsanake.

Nababa bai jira biki ba. Ranar Asabar bayan azahar Malam yana alwala ya ji kukan Hajjo ta kan katanga.

Mutumin da ya fito da mutum goma sha bakwai daga daji, sahu ɗaya da rabi aka yi masa a sallar jana'iza. Wasu sun tsaya a bakin shaguna suna kallon makara tana wucewa, wasu suka tuna da uzuri a kasuwa. Zakka ya bi su har maƙabarta, ya tsaya daga gefe, hula a hannu. Da aka gama ya matso kusa da Malam.

"Malam, 'yan bindigar sun kira ni jiya. Sun ce in kaya ba su iso ba ranar Talata, kada in ƙara neman Ann. Na zaga gari, ba wanda zai shiga. Kowa ya ce ya ga abin da aka rubuta."

Malam ya ce Allah ya kawo mafita, ya kasa kallon idonsa.

Da la'asar ya hau katanga, ya rubuta komai. Ya faɗi sunan Karima, da kwana goma sha ɗayan, da bargon, ya ce sharhin da ke sama nasa ne kuma ƙarya ne. Ya tura, ya zauna jiran duniya ta faɗo masa a ka.

Ba abin da ya faɗo. Labarin ya kwana biyar, an binne shi a ƙarƙashin sababbi, masu sharhi sun koma kan rigimar wani ɗan siyasa. Sirrin da ya riƙe har maƙwabcinsa ya mutu da baƙin suna, ko mai tsegumi bai samu ba. Bayan kwana biyu mutum ɗaya ya amsa masa, mai tallar maganin basir, ya bar lambar waya.

Ranar sadakar uku Hajjo ta yi masa magana daga bayan labulen zaure, ta miƙo kwalba.

"Malam, baban Jannatu ya ce a ba ka. Ita ce ta ƙarshe da ya ɗebo. Ya ce ka sha wahalar karatu ranar Juma'a, ka gyara murya."

Ya karɓa da hannu biyu. A ɗakinsa ya ajiye ta a bakin taga, kusa da wayar, inda sabis kan ɗan kama. Can wayar ta yi haske, wani ya ƙara ɗaga wa sharhin saman babban yatsa. Zumar ta ɗan tsiyayo ta gefen murfi, kiyashi sun fara hawa kwalbar a jere.