Jana'izar Tsubame

Ɗana Norihiko ne ya shirya wa motata jana'iza, alhali ni da motar duk muna raye. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Abin ya faro ne ranar da na zura ƙaramar motar cefanena cikin gonar shinkafar maƙwabcinmu. Ban ga bakin hanyar ba. Idona na hagu ya jima yana cinye mini gefe. Abin da ke gabana sak ina ganinsa tar, amma na gefe sai ya zo kan hancina. Ko ƙwarzane ban yi ba, shinkafar mutane ce ta kwanta. Kafin yamma Norihiko ya iso daga Sendai, da baƙar kwat ɗinsa da wannan fuskar tasa ta ma'aikacin inshora, wadda kullum kamar yana lissafin abin da zai lalace gobe.

"Mama, yau gona ce," ya ce. "Gobe ɗan wani ne a kan keke."

Ban yi masa musu ba. Shekarata saba'in da uku, kuma ban taɓa zama mai ƙaryata idona ba. Ya raka ni ofishin 'yan sanda na miƙa lasin tuƙina. Wata yarinya ta rusuna ta yi mini sannu da ƙoƙari, ta ba ni takardar yabo da katin hawa bas, har hoto aka ɗauke mu. Na yi murmushi saboda hoton. A cikina kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

Da a nan ya tsaya, da mun rabu lafiya. Sai ya juya kan Tsubame.

Tsubame baƙar mota ce, tana garejin bayan gida a lulluɓe da tamfol tun rasuwar maigidana Yasuharu. Shi ke ɗaura inji, ni ke taka wuta. Tun muna amarci muke zuwa filin tseren Okusawa, can saman dutse, inda ba kwana ba lauje, mita ɗari huɗu ne miƙe sak. Maza nawa na bari a baya suna shaƙar hayaƙina, ni kaina na daina ƙirgawa.

"Na yi magana da mai gwangwan, zai zo da janwe ya ɗauke ta," in ji Norihiko. "Amma ba za a jefar da ita kamar gwangwanin kifi ba. Za a fara kai ta wurin bauta a yi mata godiya, a sallame ta yadda ya dace. Ai motar Baba ce."

Motar Baba! Kofunan da ke jere a falo, waɗanda yake wucewa ta gabansu tun yana rarrafe, sunan wa ke jikinsu? Sai da na cije leɓe. Amma na san ɗana. Ko tsohuwar allura ba ya yar da ita sai an kai ta an yi mata sallama. 'Yar tsanar 'yarsa ma haka ya yi mata. Mutum ne mai bin ƙa'ida har ya gajiyar da kai.

"To, madalla," na ce. "Ni zan zaɓi rana."

Na zaɓi wata Lahadi a farkon kaka, wadda kalandar kicin ta nuna ranar sa'a ce. Har yaba mini ya yi. Bai leƙa ɗaya kalandar ba, ta cikin gareji, wadda filin Okusawa ke aiko mini duk shekara ko da na daina zuwa. Wannan Lahadin ce tseren ƙarshe. Daga ita za a rufe filin a jera masa farantan sola.

Duk zafin bazarar nan a garejin na ƙare shi. Idona ya rage, amma hannuna bai manta komai ba. Wanda ya yi shekara arba'in yana miƙa sipana, ai ya san inda take shiga. Na sauke injin, na wanke shi ciki da bai, na canza fistan da fulogi. Sannan na sauko da wani akwati daga saman kanta. A ciki akwai ƙaton turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, da Yasuharu ya saya tun Norihiko na makarantar sakandare, ya ƙi ɗaurawa har ya mutu. Kullum na taɓa akwatin sai ya ce, "Tomoe, kar ki kuskura, ya fi ƙarfin injin nan." Na goge hotonsa da ke bango, na ce masa ya yi haƙuri, na ɗaura abina. Jikin motar kuwa ban taɓa shi ba, na bar mata ƙurarta da yanar gizonta.

Ranar Lahadi Dobashi mai gwangwan ya zo da janwe, ya ja ta sama ya ɗaure. Norihiko ya bi mu a baya da motarsa. Wurin bautar yana kan hanyar dutsen ne, rabin tafiya zuwa Okusawa. Wannan ma ba ni na shirya ba, amma na ji daɗinsa.

Ujiie ne malamin wurin. Sa'ana ne, kuma kafin ya gaji mahaifinsa ya sa fararen kaya, shi ma ɗan tsere ne. Na sha cinye shi. Ya fito da sandarsa mai farin gezar takarda, aka jera gishiri da shinkafa da giyar shinkafa a kan ɗan tebur. Norihiko ya rusuna ya faɗa masa sunan da zai ambata a addu'ar, wato Kurihara Yasuharu. Na kau da kai.

Ba a yi wa mota addu'a a rufe. Sai an buɗe kowace ƙofa, da but, da bonet, don sandar ta ratsa ko'ina. Norihiko da kansa ya hau janwen, ya buɗe ƙofofin, sannan ya sa hannu bibbiyu ya ɗaga bonet cikin ladabi, kamar mai yaye mayafi daga fuskar gawa.

Rana ta daki injin, ya mayar mata da martani.

Dobashi ne ya fara yin fito. Ujiie ya matso, ya leƙa, ya shinshina, ya sake leƙawa.

"Tomoe," ya ce, "wannan gawar taki ƙamshin sabon mai take yi."

"Mama, mene ne wannan?" in ji Norihiko.

"Inji ne. A gidan makaniki fa aka haife ka."

"Wa ya yi miki wannan aikin?"

"Aljanu. Kai, wa kake gani a gidan nan ban da ni?"

Ya sauko, kunnuwansa sun yi ja. Bai ɗaga murya ba, ai gaban mutane ne. Ya juya ga Ujiie ya rusuna. "A yi haƙuri, a ci gaba da addu'ar."

Ujiie ya sauke sandarsa. "Norihiko, ni sallamar abin da ya gama aikinsa nake yi. In shiga in ce wa allolin wurin nan me? In ce ga ta nan ta gaji, ta gode? Dube ta da kyau. Ko ni da wannan gwiwar tawa, in aka ba ni makulli sai na hau."

"Ka hau in sake barin ka a baya," na ce.

"Ke dai bakinki bai tsufa ba."

Dobashi ya sosa ƙeya. "To ni ina zan nufa? A yi mini bayani, rana na yi."

Nan ne ɗana ya shiga tarkon da ya haƙa da hannunsa. Ba zai kai ta gwangwan babu sallama ba, ko za a yanka shi. Malamin kuma ya ƙi. Na faɗa wa Norihiko komai ƙarara: yau ne tseren ƙarshe a Okusawa, na yi magana da masu filin, sun yarda in yi gudu ɗaya, ni kaɗai a layi, ba kowa a gefena. Ba ɗan wani a kan keke, ba gonar kowa. Filin ba titin gwamnati ba ne, ba ruwansa da lasin da na miƙa.

"Idonki fa?" ya ce.

"Gaba kawai yake gani. Can ma gaba kawai ake bukata."

Sai ya yi ƙasa da murya, yadda ni kaɗai zan ji. "Bayan an ƙone gawar Baba, ni na tsinci ƙasusuwansa da sanduna na zuba a tulu. Ban shirya tsintar naki ba, Mama."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Na so in rungume shi kamar yana ƙarami. Amma na san in na sassauta yanzu, shi ke nan an gama da ni.

"Za ka tsinta, ko yau ko wata shekara," na ce. "Amma kai ka fara kwashe ni tun ina tsaye. Ka karɓe lasin, na ba ka. Ka sa mini ƙarfen dafawa a banɗaki, na yi shiru. Ka ɓoye mini tsani, ka zaci ban sani ba. Wannan kam ba zan ba ka ba. In ba za a kai ta a janwe ba, zan tura ta da hannu har saman dutsen, duk garin nan su ga uwar Kurihara tana turin mota."

Ya dubi takalminsa, ya dubi motar. Sannan ya ce da Dobashi, "Okusawa." Ujiie bai jira gayyata ba, ya tattare gishirinsa da sandarsa ya shige gaban janwen da fararen kayansa.

Filin ya cika da tsofaffin fuskoki, duk an yi furfura, an yi tumbi. Warin ƙonanniyar taya ya dake ni, sai da idona ya kawo ruwa. Wani ya ƙwala kira, "Kai, ga mayyar nan ta dawo!" Na ce masa ya matsa kar in taka masa sanda. Na ci dunƙulen shinkafa ɗaya, na sa rigar tsere, wadda yanzu ta yi mini yawa a kafaɗa, na ɗaura hular kwano.

Da aka kira ni na murza makulli. Tsubame ta yi tari, ta yi gurnani, sannan ta buɗe murya har sai da tsuntsaye suka tashi daga bishiyoyi. Na shiga ruwan da ake zubawa a bakin layi, na murza tayoyin baya har suka yi hayaƙi suka yi zafi, motar ta zarce gaba. To daga nan sai ka dawo da baya, ka sa tayoyin daidai kan baƙin sawun da ka bari, don a nan ne za su kama ƙasa. Direba ba ya ganin sawun. Sai wani ya tsaya a gabanka yana nuna maka da hannu. Aikin Yasuharu ke nan. Ni kuwa duk dabarata, na manta ban nemi kowa ba.

Na zauna cikin hayaƙi, hannuna a kan giya. Hayaƙin na washewa sai ga baƙar kwat a gabana. Norihiko ne. Ya ɗaga hannu biyu, ya karkata na dama kaɗan, ya miƙar, ya yafito, sannan ya dunƙule. Sak yadda ubansa ke yi. Ashe yaron da ke zama kan katanga yana toshe kunne da yatsu, kallo yake yi.

Fitilun bakin layi suka kunnu ɗaya bayan ɗaya, kore ya kama, na saki.

Kujera ta maƙure ni. Duniya ta tsuke ta zama siririn layi ɗaya, daidai girman abin da idona ke gani. Ban ji gwiwa ba, ban ji baya ba, ban ji shekaru ba. Na canza giya, na sake canzawa, na danna totur har ƙasa, ina ihu cikin hular kwano kamar mahaukaciya. Tsubame ba ta taɓa gudu irin na ranar ba.

Ina tsallake layin ƙarshe na ji dam! a ƙarƙashin bonet. Farin hayaƙi ya turnuƙe, injin ya yi shiru. Na riƙe sitiyari na bar ta ta gangara da kanta, har ta tsaya a bakin ciyawa.

Na fito ina shafa rufinta lokacin da Norihiko ya iso da gudu, takalminsa ɗaya ya fita a hanya. Ya kama kafaɗuna, ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Baƙin mai na ɗiga. A gefen injin akwai ramin da dunƙulen hannu zai shiga.

"Kin san haka za ta faru," ya ce.

"Babanka ya faɗa mini tun da daɗewa. Gudu ɗaya zai ɗauka."

"Kuma kika ɗaura."

"Gudu ɗaya nake so. Da ka bari ta ruɓe a ƙarƙashin tamfol ne ya fi?"

Ujiie ya ƙaraso yana haki, yana ɗingishi, gezar sandarsa na kaɗawa. Tsofaffin 'yan tsere suka biyo shi, suka cire huluna.

"To, Ujiie," na ce. "Yanzu ta gama aikinta. Sallame ta."

Muka buɗe ƙofofin. Norihiko ya naɗe hannu da kwat ɗinsa ya ɗaga bonet mai zafi. Ujiie ya watsa gishiri, ya kaɗa sandar hagu da dama, ya fara addu'a da wannan doguwar muryar tasu. Da ya zo wurin ambaton mai motar ya ce, "Kurihara Yasu..."

"A gafarce ni," in ji Norihiko. Ɗana, wanda bai taɓa katse malami ba tunda aka haife shi. "Na ba da suna ba daidai ba. Kurihara Tomoe. Motar Mama ce."

Hawaye suka zubo mini a gaban mazan da na yi shekaru ina cinyewa, kuma ban share ba.

"Sai yau ka sani?" na ce. "Je ka nemo takalminka."